Yadda Za Ka Zana Wuƙar Aljihu Mai Baki da Yawa a Kwamfuta, Ka Gano Inda Za Ta Karye

Akwai wata wuƙar aljihu marar tsini da nake ajiye da ita a durowar teburina. Ta kasuwa ce, ko sunan maƙerinta babu a jikinta: ruwa biyu, mabuɗin kwalba, mabuɗin gwangwani da ɗan almakashi, duk suna naɗewa cikin ƙota ɗaya. Wata rana na sa tsininta a ƙarƙashin murfin gwangwanin fenti na ɗan danna, sai na ji ƙas, guntun ƙarfe ya yi tsalle ya faɗa bayan kujera. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban sa wani ƙarfin a zo a gani ba. Wuƙar da ta sha yankan igiya da kwali da itace ba ta nuna gajiya ba, ga shi murfin gwangwani ya gama da ita. Neman dalilin wannan ne ya kai ni ga aikin da zan bi da kai a nan daki-daki.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Kwamfuta tambayar da ka yi mata kawai take amsawa. Idan ka riƙe ƙarfen a inda ba nan ake riƙe shi ba, ko ka ɗora masa nauyi ta fuskar da ba ta nan yake zuwa ba, za ta ba ka hoto mai launuka gwanin sha'awa, amma na wata wuƙar ce daban, ba wadda ke hannunka ba.

Ka fara sanin yadda take aiki

Wuƙar da za mu yi misali da ita ita ce irin ta sojan Suwizalan. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach a 1884, ya fara kai wa rundunar sojan ƙasar wuƙaƙe a 1891, sannan a 1897 ya yi rajistar wuƙar hafsoshi, wadda ita ce kakar jar wuƙar da kamfanin Victorinox yake yi har yau. Wadda ta fi yawa a hannun mutane tsawonta milimita 91 ne idan tana rufe.

Cikinta hawa-hawa ne. Kowane hawa yana da baki ɗaya ko biyu da sifirin ɗinsu, wato dogon ƙarfen nan da ke kwance a gadon bayan ƙota. Tsakanin hawa da hawa akwai siririn faranti, wanda tun 1951 na alminiyam ne a wuƙaƙen Victorinox. Ƙusoshin tagulla ne suka ratsa dukkan hawan suka ɗaure su, a kansu kuma bakunan suke juyawa. Babu makulli a irin wannan wuƙa. Sifirin ne yake danne gindin ruwan wuƙar idan tana rufe, shi ne kuma yake riƙe ta idan tana buɗe. Gindin ba da'ira ba ne, yana da gefuna shimfiɗaɗɗu da kusurwoyi, don haka idan kana buɗewa kusurwar takan ɗaga sifirin sama, da ta wuce sai ya dawo da ƙarfi, ka ji ƙarar nan ta "tas". Ɗauki wuƙar ka buɗe ta a hankali kana kallon bayanta, za ka ga sifirin ya ɗago sama da farantan sannan ya koma. Wannan ɗan motsi da bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, rabin aikinmu a kansa yake.

Warwarewa da awo

Nemi mai araha wadda ba za ka ji ciwon rasa ta ba, domin ba lallai ta koma yadda take ba. Naɗe kaifin da salatif mai kauri. Ɓamɓare marfin roba na gefe biyu, ka goge kawunan ƙusoshin da magagari ko ka huda su da ƙaramin dirili, sannan ka fitar da su. Ka buɗe bakunan gaba ɗaya ko ka rufe su gaba ɗaya kafin nan, kada ka bar su a rabi, domin a rabi ne sifirin yake ɗaure da dukkan ƙarfinsa. Kowane hawa ka cire, ka shimfiɗa shi a kan farar takarda bisa jerin da ya fito, ka ɗauki hoto.

Kauri da faɗin ramuka, ma'aunin kauri na dijital zai ba ka su. Amma siffar gefe, musamman ta gindi da ta sifirin, dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce na'urar sikana. Kwantar da ƙarfen a kan gilashinta tare da rula, ka ɗauka a ɗigo 1200 a kowane inci. A wannan mataki kowane ɗigo ɗaya na hoton kusan milimita 0.02 ne. Hoton waya ba ya kai haka, saboda ruwan tabaran kyamara yana karkatar da gefuna. Ruwan wuƙar kuma ka auna kaurin bayansa a wurare biyar ko shida daga gindi zuwa tsini, domin yana sirancewa a hankali, wannan sirancewar kuwa ita ce za ta bayyana mana labarin murfin fenti.

Zane

Kowace manhajar zanen injiniya za ta yi: SolidWorks, Fusion 360, ko FreeCAD. Ni FreeCAD nake ba ɗalibi shawara, don kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma tun fitowar siga ta 1.0 a Nuwamban 2024 tana zuwa da sashen harhaɗa sassa a cikinta. Tana kuma ɗauke da sashen FEM, wato sashen lissafa yadda ƙarfe yake ɗaukar nauyi ta hanyar yanyanka zanensa zuwa ragar ƙananan ƙwayoyi, wanda yake amfani da manhajar Gmsh wajen saƙa ragar da manhajar CalculiX wajen lissafi.

Shigo da hoton sikana, ka daidaita girmansa da rular da ke ciki. A cikin Sketcher, sashen zanen layuka na FreeCAD, ka ɗora tsakiyar ramin juyi daidai a kan mafarin ma'auni, ta yadda kowane awo daga nan zai tashi. Bi gefen hoton da miƙaƙƙun layuka da bakunan da'ira, ka ba kowanne awonsa. Ka guji bin sa da lanƙwasasshen layi mai ɗigo barkatai, domin daga baya idan kana son ka rage kusurwar gindi da milimita 0.2 ba za ka sami abin kamawa ba. Awon da ka san za ka riƙa sauyawa, irin su kaurin ruwa, faɗin ƙusa, tsawon sifirin da tsayinsa, ka zuba su a Spreadsheet, wato jadawalin lambobi na cikin FreeCAD, ka ɗaura zanen a kansu.

Ka ba zanen kauri, sannan ka yanke gangaren wasawa daga baya zuwa kaifi. Kada ka kai kaifin ga sifili. Bar masa faɗin milimita 0.2, in ba haka ba ragar za ta cika da tsukakkun ƙwayoyi marasa kyau ko ta ƙi saƙuwa sam. Tambari da rubutun da ke jikin ƙarfe duk ka bar su. Amma ɗan ramin farce da ake buɗe wuƙar da shi, da kowace kusurwar ciki, waɗannan ka zana su da ainihin lanƙwasarsu, domin a irin waɗannan wurare tsagewa take farawa.

Idan ka harhaɗa hawan, ka juya kowane baki daga rufe zuwa buɗe, digiri goma-goma, kana duba abu biyu: kada kaifi ya taɓa sifirin idan an rufe, kada kuma wani baki ya shiga jikin wani. A kowane mataki ka rubuta nisan da ke tsakanin tsakiyar ƙusa da inda gindi yake taɓa sifirin. A ce a buɗe nisan milimita 4.5 ne, a kan kusurwa kuma 5.5, to sifirin yana ɗagawa milimita 1. Ka ƙara da ɗaurin farko, domin ko a rufe sifirin ba a sake yake ba, an riga an matsa shi lokacin haɗawa. Za ka gane yawan wannan ɗauri idan ka kwatanta siffar sifirin da ka cire da yadda yake zaune a cikin wuƙar.

Takarda da biro kafin maɓalli

Abin da muke nema shi ne takura: yawan ƙarfin da kowane murabba'in milimita na cikin ƙarfe yake ɗauke da shi. Ana auna ta da megafaskal, wato niyuton ɗaya a kan murabba'in milimita ɗaya. Nauyin kilo ɗaya kusan niyuton 10 ne. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma nake roƙonka kada ka tsallake.

Ɗauki ruwan wuƙa a matsayin sandar da aka kafe gindinta: tsawo milimita 60, faɗi 12, kauri 2. Ka danna ƙarshenta da niyuton 50. Ƙarfin lanƙwasawa a gindi shi ne 50 sau 60, wato 3000. Idan ta fuskar yanka ka danna, za ka raba 3000 da kauri sau faɗi sau faɗi bisa shida, wato 48, ka sami kusan megafaskal 63. Idan kuma ta gefe ka danna, kamar mai ɓamɓarar murfi, za ka raba da faɗi sau kauri sau kauri bisa shida, wato 8, ka sami 375. Hannu ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma takurar ta ninka sau shida don kawai fuska ta sauya.

Ruwan wuƙa kuwa ba sanda mai kusurwa huɗu ba ne, an wasa shi ya zama mai kusurwa uku, kuma irin wannan siffa rubu'in juriyar waccan take da shi ta gefe: bisa 24 ake rabawa maimakon bisa 6. Yanzu matsa kusa da tsini. A nisan milimita 10 daga ƙarshe, a ce faɗi 6 ne, kaurin baya kuma 1. Shida sau ɗaya sau ɗaya bisa 24 ya ba da 0.25. Ƙarfin lanƙwasawa 50 sau 10, wato 500. Raba 500 da 0.25, ka sami megafaskal 2000. Nauyin kilo biyar kacal, wanda babban yatsa zai iya bayarwa, ya kai ƙarfen iyakarsa. Ranar da na ga wannan lamba a takarda na fahimci abin da ya faru da wuƙata, tun kafin kwamfuta ta ce komai.

Ka yi irin wannan lissafi ga ƙusa. Idan kana yanka da niyuton 100 a nisan milimita 50 daga ƙusa, kuma gindin yana tokare da ƙarshen sifirin a nisan milimita 5 kawai, to tokarar tana ɗauke da niyuton 1000, ƙusar ma kusan haka. Ƙusa mai faɗin milimita 2.5 da ake neman datsewa ta wuri biyu tana da murabba'in milimita 9.8, takurarta kusan 100, tagulla za ta iya da wannan. Amma duba farantan da ke gefe: kowanne yana karɓar niyuton 500 a kan fili mai 2.5 sau 0.8, wato megafaskal 250 a bakin ramin. Alminiyam da yawa a nan yake fara lotsawa. Shi ya sa tsohuwar wuƙar da aka wahalar takan fara girgiɗi tun ruwanta yana lafiya lau: ramin faranti ne ya zama kamar ƙwai.

Faɗa wa manhajar irin ƙarfen

Lambobi biyu take buƙata ga lissafin farko: ma'aunin ƙin lanƙwasa, wanda ake kira da sunan Young, da rabon Poisson, wato yawan sirancewar da abu yake yi ta gefe idan an ja shi. Ga ƙarfen wuƙa ka sa 210000 da 0.3, ga alminiyam 70000 da 0.33, ga tagulla kusan 100000 da 0.34. Ka tsaya a kan milimita da niyuton da megafaskal daga farko har ƙarshe.

Gasa ƙarfe don ya yi tauri ba ya sauya ma'aunin Young da wani abin kirki. Ruwan wuƙa mai tauri da marar tauri daidai suke lanƙwasawa a ƙarƙashin ƙaramin nauyi, bambancinsu yana wurin da kowanne yake sarewa. Victorinox tana yin ruwan wuƙa da ƙarfen X55CrMo14, mai lamba 1.4110, taurinsa kusan 56 a ma'aunin Rockwell C. Sukudireba da mabuɗin gwangwani kusan 52 ne, sifirin kuma na X20Cr13 ne a kusan 49. Jadawalin da ke juya tauri zuwa ƙarfin tsinkewa yana ba 56 kusan megafaskal 2000, yana ba 49 kusan 1600. Da gangan aka bambanta su: kaifi yana son tauri, sifirin yana son ya lanƙwasa ya dawo. Idan taka marar suna ce, ka ɗauka ba ta kai waɗannan lambobi ba.

Riƙo da lodi

Kafin ka taɓa wuƙar, gwada manhajar da sandar nan mai 60 da 12 da 2. Kafe fuska ɗaya, ka ɗora niyuton 50 ta gefe a ɗaya ƙarshen. Lissafin hannu ya ce ƙarshen zai sauka milimita 2.14, takura kuma a nisan milimita 10 daga kafin za ta zama kusan 312. Idan abin da ka samu ya yi kusa da haka, hannunka ya zauna. Idan ya yi nisa, akwai kuskure a awo, ko a raga, ko a fuskar lodi, gara kuma ka gano shi a kan sanda da ka gano shi a kan wuƙa mai sassa ashirin.

Kada ka jefa wuƙar gaba ɗaya cikin lissafi. Hawa ɗaya za ka ɗauka, kai da farko ma baki ɗaya, kuma kowane irin aiki lissafinsa daban: yanka, ɓamɓara ta gefe, murɗa sukudireba, da buɗewa zuwa kan kusurwa.

Kuskuren da kusan kowa yake fara yi shi ne ya zaɓi cikin ramin juyi ya ce a kafe shi ƙam. Ramin ba a kafe yake ba, juyawa yake yi a kan ƙusa. Idan ka kafe shi, ramin zai shanye dukkan ƙarfin murɗawa, tokarar da ke jikin sifirin ta zauna ba aikin komai, alhali mun ga niyuton 1000 ne a kanta. A lissafin yanka, ramin ya kamata a hana shi gusawa amma a bar shi ya juya, sannan a tokare wurin da gindi yake haɗuwa da ƙarshen sifirin. A lissafin ɓamɓara ta gefe kuma, farantan gefe biyu ne suke riƙe da fuskokin gindi, ɗaya ta gaban ƙusa, ɗaya ta bayanta. A murɗa sukudireba ma haka ne: gindin yana neman buɗa farantan, kawunan ƙusa suna hana su. Lodi kuma kada ka ɗora shi a ɗigo ɗaya. Yanki ɗan fili a jikin kaifi ko tsini, gwargwadon inda abin yake taɓawa a zahiri, ka shimfiɗa ƙarfin a kai.

Idan ka ƙware a wannan, sai ka hau mataki na gaba, inda za ka sa ƙusa da faranti da sifirin a matsayin sassa masu taɓa juna, su danna, su zame, su rabu. Ka sa gogayya kusan 0.1 zuwa 0.15 ga ƙarfen da aka sa wa mai, ka kunna lissafin babbar lanƙwasa. Wannan yana cin lokaci, wani sa'in ya ƙi kammaluwa. Idan ya ƙi, mafi yawa wani sashe ne yake yawo ba abin da ya riƙe shi a farkon lissafi, ko kuma ka zuba lodin gaba ɗaya a tashi guda maimakon kaɗan-kaɗan. Ga irin wannan aiki, PrePoMax, wadda ita ma kyauta ce kuma CalculiX take amfani da shi, ta fi sauƙin sarrafawa a kan Windows. Ka fitar da zanenka a tsarin STEP ka shigar mata.

Raga

Dabarar gaba ɗaya ita ce a yanyanka ƙarfen zuwa dubban ƙananan ƙwayoyi, a lissafa kowace, a haɗa. Zaɓi ƙwayoyi masu daraja ta biyu, masu ƙulli goma, wato ɗigon lissafi goma a kowace ƙwaya, waɗanda CalculiX yake kira C3D10. Masu ƙulli huɗu sun cika tauri a wurin lanƙwasa, za su nuna maka ƙarfen ya fi yadda yake ƙarfi. Gwada su a kan sandar gwajinka ka gani da idonka yadda 2.14 za ta ragu. A siraran wurare ka tabbata akwai ƙwaya biyu ko uku a cikin kaurin. Fara da milimita 1 a ko'ina, sannan ka tsananta zuwa 0.2 ko ƙasa a bakin rami, ramin farce, kusurwoyin gindi da tsini.

Daga nan ka rage girman ƙwayoyin wuraren nan da rabi, ka sake lissafi. Idan takurar ta sauya da ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, ta zauna. Idan kuwa duk lokacin da ka rage sai ta ƙara hawa, 900 ta koma 1400, ta koma 2200, ba alamar tsayawa, to ba ƙarfen ne yake magana ba. Ka bar kusurwar ciki mai kaifi ba lanƙwasa, ko kana karantawa daidai bakin inda ka kafe. A lissafi, irin wannan wuri takurarsa ba ta da iyaka. Koma ga ainihin ƙarfen da gilashin ƙara girma, ka auna lanƙwasar kusurwar, ka sa ta a zane.

Karanta abin da ya fito

Kafin ka kalli launuka, duba siffar lanƙwasar. Ta nufi inda hankali ya ce ta nufa? Manhaja takan zuzuta lanƙwasa sau da yawa don ido ya gani, don haka ka karanta lambar, kada hoton ya tsorata ka. Sannan ka tara ƙarfin da wuraren riƙo suka mayar, dole ya yi daidai da abin da ka ɗora. Sai ka kwatanta da takardarka. Ja a hoto kuma ba ya nufin haɗari, yana nufin nan ne mafi girma a wannan lissafi, ko da megafaskal 20 ne. Ka saita iyakar launukan da hannunka zuwa ƙarfin ƙarfen.

Ga alminiyam da tagulla, masu lotsawa kafin su tsinke, ka duba takurar von Mises, ma'aunin da Richard von Mises ya kawo a 1913. Ga ruwan wuƙa mai tauri 56, wanda ba ya gargaɗi kafin ya karye, ka duba har da babbar takurar ja, domin ta gefen da ake ja ne tsagewa take buɗewa. Kada ka yi mamakin ganin lamba ta yi tsalle a bakin rami. Tun 1898 Kirsch ya nuna cewa ƙaramin rami mai da'ira a faffaɗan farantin da ake ja yana ninka takura sau uku a gefensa. A ra'ayina, duk wurin da aikin yau da kullum ya kai rabin ƙarfin ƙarfen, a sake duba zanensa.

Sifirin

Nan ne na fi daɗewa, nan ne kuma riƙo yake nuna muhimmancinsa ƙarara. A ce daga ƙusar tsakiya zuwa inda sifirin yake taɓa gindi milimita 35 ne, tsayinsa 3, kaurinsa 2.5. A nan ba ƙarfi za ka ɗora ba, motsi za ka ɗora: ka umarci ƙarshen ya ɗaga da awon da ka samo daga juya gindi, manhajar ta faɗa maka ƙarfin da hakan ya ci. Lissafin hannu ya ce kowace milimita 1 ta ɗagawa tana jawo kusan megafaskal 770 da niyuton 83.

To amma a hawan da ke da babban ruwa a wannan ƙarshe da ƙarami a wancan, sifirin ɗaya suke rabawa, kuma yana iya ɗan lilo a kan ƙusar tsakiya. Idan ka buɗe ɗaya, ɗagawar takan rabu tsakanin ɓangarorin biyu. Da ɗaurin farko na 0.5 da ɗagawar milimita 1 a gefe ɗaya, kowane ɓangare yana lanƙwasa kusan milimita 1, takura 770. Idan ka kafe tsakiyar a kwamfuta, za ta ce maka 1.5 ne, takura kusan 1160, ka ɗauka zanen ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Sai dai wannan 1160 tana da ranarta: ranar da aka buɗe bakin biyu zuwa rabi a lokaci guda, babu sauran wurin lilo, kowane ɓangare ya ɗauki cikakken rabonsa. Dalilin da ya sa masu sanin wuƙa suke hana barin baki biyu na sifirin ɗaya a rabi ke nan. Ka yi lissafin duka biyun.

Sifirin ba sau ɗaya yake aiki ba, dubbai ne, ƙarfe kuwa yana gajiya. Takurar da ba za ta karya shi yau ba tana iya buɗe ƙaramar tsaga a wani ƙarce ko tabon tsatsa, ta riƙa ci a hankali. Don haka a nan nake son tazara mai faɗi tsakanin abin da lissafi ya nuna da 1600. Hanyar samunta mafi sauƙi ita ce tsawo: daga 35 zuwa 40, takurar ta sauka da kusan kashi 23 cikin ɗari. Amma ƙarfin dannawar ma zai sauka da kusan sulusi, wuƙar ta yi sanyin rufewa, wuƙar da ba ta da makulli kuwa idan sifirinta ya yi sanyi yatsun mai ita ne a hanya. Ɗaya dabarar ita ce a bar shi da kauri kusa da ƙusa a sirantar da shi zuwa ƙarshe, yadda takurar za ta bazu a tsawonsa maimakon ta taru wuri guda. Sauya lamba ɗaya a Spreadsheet, ka sake lissafi, ka rubuta takura da ƙarfi gefe da gefe. Kada ka sauya abu biyu a lokaci ɗaya.

Koma ga ƙarfen

Sa tabarau na kariya. Damƙe gindin ruwan da ka cire a bakin bais, wato matsewar ƙarfe ta kan tebur, a kwance, ka rataya robar ruwa mai lita ɗaya da zare a nisan da ka auna. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, niyuton 9.8. Auna saukar ƙarshen da ma'aunin kaurinka daga wani tsayayyen wuri, ka ƙara lita ta biyu, ka sake aunawa. Saukar ta biyu ya kamata ta ninka ta farko, idan ka cire kuma ƙarfen ya koma inda yake. Kada ka rataya a kan tsini, kada kuma ka wuce lita biyu ko uku, ba karyawa muka zo yi ba. Ka sa wannan nauyi a wannan wuri a cikin kwamfuta ka kwatanta. Bambancin kashi 10 cikin ɗari ba abin damuwa ba ne. Idan ya fi haka, fara zargin awon kauri, domin lanƙwasa tana bin kauri sau uku a jere: kuskuren milimita 0.1 a kan ƙarfe mai kauri 2 yana sauya sakamako da kusan kashi 15 cikin ɗari.

Ga sifirin kuma, sami wata wuƙar irinta da ba a warware ba, ka damƙe ƙotar, ka maƙala zare a ramin farce, ka ja da ƙaramin sikelin rataya irin na auna jaka, zaren yana tsaye daidai a kan ruwan. Rubuta mafi girman abin da sikelin ya nuna kafin wuƙar ta buɗe, ka ninka da nisan ramin farce daga ƙusa. Yi haka sau biyar a bushe, ka ɗiga mai a gindin, ka sake yi sau biyar. Tazarar da ke tsakanin awon biyu za ta nuna maka rabon gogayya a cikin abin da farcenka yake ji, da ita kuma za ka gyara lambar gogayyar da ka sa a lissafi.